Irin Albasar Gidanmu

A Aliero kowa manomin albasa ne, har liman, har wanzami. Saboda haka in aka ce albasar wani gida ta yi suna a garin, ba ƙaramin abu ba ne. Ta gidanmu ta yi. Ja ce wur, mai siririn wuya, ɓawonta ya kama jikinta tsam kamar an ɗinka mata shi. Abin da ya sa fatake ke bin ta har ƙofar gida shi ne ba ta saurin ruɓewa. A zuba ta a rudu, wato gadon itace da kara da ake ajiyar albasa a kai, tun bazara, ta kai ƙarshen damina da ƙwarinta, alhali ta maƙwabta ta daɗe da zama ruwa tana korar mutane da wari.

Mahaifina, wanda kowa ke kira Malam, ya gaje ta daga nasa mahaifin, ni kuma ni kaɗai ne ɗansa namiji. Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, ba a yanke mana tamu ba tukuna. Ina koyarwa a firamare a Alelu, sabon malami mai biro uku a aljihu, ina ganin fartanya ta yi mini kaɗan. Amma duk girman kaina na san wata rana albasar nan hannuna za ta faɗo, kuma ina alfahari da ita a ɓoye fiye da takardar da na samo a makaranta.

Wanda bai san albasa ba yana zaton shuka ɗaya ake yi a samu kai a samu iri. Ba haka ba ne, rayuwa biyu take yi. Ta farko, a watsa iri a komi, wato ɗan gurbin raino, ya tsiro, a cire shi a dasa a fangali, ya yi lawashi, ya tara abincinsa a ƙasa ya zama kan albasar da muke ci. Ta biyu, a zaɓi kawuna masu kyau, su muke kira uwaye, a ajiye su har sanyi ya shigo, a yanke musu saman kai, a mayar da su ƙasa. Daga gindinsu sababbin saiwoyi farare za su fito kamar gemun tsoho, daga sama kuma dogayen karare, kowanne da farin fure dunƙule a kansa. In furen ya bushe a yanke, a shanya, a murje, a sheƙe. Abin da zai rage baƙin iri ne ƙanana, wanda in ka cika gora ɗaya da shi ka cika gona.

Mutane sun sha sayen albasarmu su dasa don su samu irinta. Shekara biyu, uku, sai ta rikiɗe a hannunsu, su ce mahaifina asiri gare shi. Shi kuwa ya bar su a kan haka, don ya fi masa sauƙi. Ni ya gaya wa gaskiyar wata rana muna zaɓen uwaye, ina mita a kan me zai sa kowace shekara mu ɗauki kwanduna mu bi ta Jega, mu nufi Maiyama, har wani tudu bayan Giwa Tazo, alhali ga fadama a bakin gida.

Ya ce, “Albasa ba ta da kamun kai, ɗan ga. In tai hure kusa da wata, ƙudan zuma na ɗauko garin waccan shi aza ma wagga. Ɗiyan da za ta haihwa ba naka ba na. Shi as sa nika kai ta inda babu maƙwabciya.”

Na yi dariya, don abin da malamin kimiyya ya yi mako biyu yana zana mana a allo ke nan, tsohon da bai san harafin boko ko ɗaya ba ya gama shi a numfashi uku.

Tudun nan na amininsa ne, wanda muke kira Baba na Giwa Tazo. Tare suka yi karatun allo a Jega suna yara, tabarma ɗaya, akushi ɗaya. Akwai tsohuwar rijiya a gonar, kuma ba mai noman albasa kusa da wurin. Mahaifina ya dasa uwaye ya dawo, Baba ya yi ta ban ruwa da korar awaki har fure ya bushe, sannan mahaifina ya koma ya yanke da hannunsa ya kawo gida. Ladan Baba buhunan albasa da na gero duk shekara, da rigar sallah. Iri kuwa ko ƙwaya ba a bar masa, shi ma ban taɓa jin ya tambaya ba. Shekara ashirin suna haka. In Baba ya zo gidanmu ba ya tsayawa a zaure, har tsakar gida yake shiga ya ce wa Innata, mahaifiyata ke nan, miyarta ta yi gishiri, ita kuma ta ce bakinsa ne ya tsufa.

Mahaifina ya rasu cikin sanyi, uwayen da ya dasa suna tsaka da fure. Ciwon kwana tara ne. Baba ya iso kafin a fita da shi, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Na ga hawayensa da idona, kuma har yau ban yarda cewa na ƙarya ba ne. Wannan na cikin abin da ya sa lamarin ya ƙi warkewa a raina.

Bayan kwana arba'in muka haƙe albasar da mahaifina ya bari a fadama. Baba ya sake zuwa, ya tsaya a kan tulin yana juya kawunan da ƙafa.

Ya ce, “Kai malamin makaranta na, ina kag ga lokacin tsaron rudu? Bari in zaɓi uwayen baɗi in tahi da su, su zamna wurina. Saura ka saida ma hwatake ka huta.”

Na ji kamar an sauke mini dutse. Ya zaɓa da kansa, kwando shida, kuma ya iya zaɓe, don ya shekara ashirin yana kallon abin da ake kawo masa. Sauran na sayar wa masu lodin Kudu tas, ban bar ko ta miya ba sai 'yar kaɗan da muka cinye kafin ruwa ya sauka. Da bazara ta yi ya kawo mana irin da ya murje daga furen da mahaifina bai rayu ya yanke ba, cike da gora, an toshe bakinta da tsumma da kakin zuma. Ya miƙa mini da hannu biyu ya ce ga amanar marigayi. Na durƙusa na karɓa.

A wajenmu ana gwada iri kafin a shuka. Abu ne mai sauƙi, aikin mata ma ne yawanci. A ɗebi ƙwayoyi kaɗan a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a sa a gindin randa inda ke da sanyi, a riƙa yayyafa ruwa. Iri mai rai barci kawai yake yi a cikin baƙar rigarsa. In ya sha ruwa sai ya kumbura, kwana huɗu ko biyar ya fasa, kuma saiwa ce ke fara fitowa kafin komai, fara sol, tana laluben ƙasa. In goma ka naɗe takwas suka yi saiwa, ka watsa da bismillah. In biyu suka yi, ka san tsohon iri aka haɗa ka da shi, don na albasa ba ya jure ajiya, da ya wuce shekara ya fara mutuwa a cikin gora.

Amma akwai irin da ba a gwadawa. Na kasuwa ake sa wa tsumma. Wanda babba ya ba ka da hannunsa, in ka gwada shi kamar an ba ka tuwo ne ka sansana kafin ka ci. Kuma garinmu ba a ɓoye komai, tsumman gindin randa ma sai an ji labarinsa a bakin rijiya.

Inna ta ce, “Ɗebo kaɗan mu sa ga tsumma.”

Na ce, “Haba Inna. Wanga daga hannun Baba yah hito. In magana ta kai mai cewa mun gwada shi, da wane ido za ni dube shi?”

“Malam ko wanda yam murje da hannunai gwadawa shikai.”

“Wancan nashi na, ba wanda za ya ji haushi.”

Ta dube ni irin kallon da take yi wa kaza in ta shiga ɗaki, ta ci gaba da tankaɗe. Ni kuma na ɗauka na yi nasara.

Hutun makaranta ya zo daidai da ƙarshen damina, lokacin rainon iri. Na gyara komaye a tudun bayan gida, na farfasa ƙasa har ta yi laushi, na zuba ruɓaɓɓen taki. Na gauraya irin da yashi don kada ya taru wuri guda, na watsa, na rufe da ƙasa 'yar kaɗan, na shimfiɗa ciyawa a kai saboda ruwan sama. Duka na watsa, gorar nan kaf. A raina ina cewa bana garin nan za su san ɗan Malam bai faɗi ƙasa ba.

Tsiron albasa ba ya fitowa a miƙe kamar na gero. A lanƙwashe yake hudo ƙasa, ya fara turo gwiwa, kansa na nan binne, sai daga baya ya zaro shi ya miƙe da baƙin ɓawon a samansa kamar hula. Tun ina yaro nake son ganin wannan. Ranar bakwai na ɗaga ciyawa, babu gwiwa ko ɗaya. Na ce ƙasa ta yi sanyi. Ranar goma komayen maƙwabcina sun yi kore shar, nawa sai aya-aya da wata ciyawar da ban gayyata ba. Na tsuguna na yi ta leƙe kamar mai neman allura. Ranar sha huɗu na daina ɗaga ciyawar in akwai mutane kusa.

Mutanen garinmu kuwa ba sa barin irin wannan ta wuce. Maƙwabcin nan nawa ya leƙo ta kan shinge ya ce, “Ticha, ko alli kash shuka?” Aka yi dariya, ni ma na taya su don ba yadda zan yi. Wani tsoho a masallaci ya ce da na kusa da shi, yadda zan ji, albasa dai ba ta yi halin ruwa ba. Wannan ta shige ni. Na yarda da su. Na ce ni ne na nitsa irin da yawa, ko na cika taki ya ƙone shi, ko tururuwa ta kwashe ina can ina barci. Duk laifin da za a iya ɗora wa mutum na ɗora wa kaina, ban taɓa kai tunanina kan gorar ba.

Na hau mota zuwa Jega, na sake wata zuwa Maiyama, na ƙarasa Giwa Tazo a ƙafa. Na tarar da Baba a gindin bedi, wato darbejiya, yana gyaran igiyar guga. Da na gaya masa ya yi salati ya tafa hannu.

“Ko ƙwara guda? Kai, ɗana. Ƙasa ba ta san hannunka ba tukuna, haka takai ma sabon hannu. Kada ka sa ma ranka.”

Na ce, “Baba, ko akwai sauran iri wurinka?”

“Ina? Duk na juye maka. Ni mi za ni yi da shi?”

“To uwayen da kat taho da su? In da su, sai mu dasa da sanyi, baɗi mu samu wani.”

Ya girgiza kai a hankali. Ya ce daminar bana ta yi yawa, ruwa ya bi ta rufin rudu, ya zo ya tarar sun narke, har ya ji kunyar aiko mini. Albasar da ba ta taɓa ruɓe wa mahaifina ba. Ko a nan ban farga ba. Kuka ne ya zo mini, na ƙato mai gemu, don na gane ba abin da ya rage, ba iri, ba uwa, abin da kakana ya riƙe, mahaifina ya riƙe, ya mutu a hannuna tun ba a yi shekara ba. Baba ya dafa kafaɗata ya yi mini nasiha a kan haƙuri da ƙaddara. Ya sa aka kamo mini zabuwa, ya raka ni har bakin hanya. Na yi masa godiya har sau uku. In na tuna godiyar nan har yau sai in ji zafi a fuskata.

Na dawo gida da la'asar, zabuwa a hammata. Inna tana zaune a gindin randa da faifai a gabanta, ta ce in zo in zauna. Ashe tun ranar goma, ba tare da ta gaya mini ba, ta kakkaɓe gorar ta samu 'yan ƙwayoyin da suka maƙale a wuyanta. Ta naɗe rabi a tsumma. A wani tsumman ta naɗe irin maƙwabcinmu da ta roƙo wurin matarsa. Ta buɗe na maƙwabci, saiwoyi farare sun fito har sun huda zaren tsumman sun riƙe shi. Ta buɗe namu, baƙaƙe ƙirin kamar ranar da ta naɗe su, sai ɗan fumfuna da ya fara bin su.

Na ce, “Wataƙila tsoho na, ya haɗa da na bara bai sani ba.”

Ta ɗauki ƙwaya ɗaya daga busassun da ta rage, ta aza a kan dutsen niƙa, ta danne da bayan cokali. Ta yi haka da ta maƙwabci. Ta maƙwabci cikinta fari ne, in ka ƙura ido har za ka ga ɗan tsiron a naɗe a ciki kamar jinjiri. Tamu cikinta ya yi ja-ja, ya bushe, ya marmashe. Ta murƙushe wasu ta kai mini hanci a tafin hannunta. Ƙamshi ne mai daɗi, irin na soyayyen riɗi.

Ta ce, “Tsohon iri ba shi ƙamshi. Wanga ya ga kasko. Cikin yashi anka soya shi, kaɗan-kaɗan, don kada shi ƙone. Abu baƙi, wa za ya gane?”

Abin da ya fi tsaya mini shi ne aikin da ke ciki. Ba fushi ba ne na lokaci guda. Sai da mutum ya hura wuta, ya zuba yashi, ya tsaya yana juyawa a hankali, ya bari ya huce, ya tankaɗe yashin, ya ɗura a gora, ya narka kaki ya toshe. Sannan ya ɗauko ya yi tafiyar rabin yini ya miƙa wa ɗan amininsa da hannu biyu. Hana ni ba zai yiwu ba, duniya za ta ce ya ci amanar maraya. Sai ya ba ni, ya bar ƙasa ta hana ni, garinmu kuma su yi mini dariya.

Duk da haka na yi ta nema masa hanya. Na ce ko a kusa da murhu aka shanya. Na ce ko wani a gidansa ya yi bai sani ba. Ina nan ina wannan kame-kamen har sanyi ya shigo ya fara fita, ranar kasuwar Jega na ratsa ta layin 'yan albasa zan shiga motar Alelu. Tun daga nesa na gane ta, yadda mutum ke gane tafiyar ɗan'uwansa a cikin taro. Tuli guda, ya kai ƙirjina, fatake sun kewaye shi. Baba yana zaune a kan buhu a gefe.

Da ya gan ni bai ko ƙifta ido ba. Na durƙusa na gaishe shi, don ƙafafuna sun riga sun saba.

Ya ce, “Ka ga ikon Allah, ɗana? 'Yan ƙwarorin da sunka zube wurin murza, su na nit tsince nir rena. Dibi abin da sunka yi.”

'Yan ƙwayoyin da suka zube, lodin mota guda. Na dubi tulin, na dube shi. Ina da baki, kowa a gidanmu ya san ina da shi, amma wannan mutumin ne ya karɓi mahaifina a kabari, ga kuma jama'a. Na ce Allah ya sa albarka. Na juya na shiga mota.

Da na gaya wa Inna, ita ba ta tsaya ɓata rai ba, hanya ta hango.

“To ai ga ta nan. Ka aiki wani shi sayo kwando biyu. Wagga ta bana tsantsa ta, daga huren Malam tah hito. Mu zaɓi uwaye, ka nemi tudu mai nisa wajen Sabiyal, mu koma daga hwarko.”

Na ce, “Ni in sayi albasar ubana ga hannun wanda yas sace ta? Wallahi ba ni yi.”

“Hushinka ba shi hure,” in ji ta.

Gaskiya ta faɗa, na kuma san gaskiya ce tun a lokacin. Amma na riga na rantse, kuma rantsuwar ta yi mini daɗi a baki. Ta sake tuna mini sau biyu kafin kasuwar albasa ta watse. Na ce ta bar maganar. Ta bari.

Ba a jima ba na ji labarin da na san ƙarshensa. Mutane sun yi wa Baba ca suna neman iri, tudun nan da rijiya ɗaya ya yi masa kaɗan. Uwayen da ya ce sun narke, ashe ya sauko da su fadama tun da sanyi, inda ruwa ke kusa, ya dasa su a tsakiyar gonakin mutane. Ga mai farar albasa a dama, ga mai wata ja-ja ta kasuwa a hagu, kowa na fure lokaci guda, ƙudan zuma na biki. Kalma biyu daga bakina ta isa. Ko saƙo in aika da direban Maiyama in ce a mayar da ita tudu. Na yi shiru.

Kowace shekara sai na bi ta layin nan a Jega, ban da abin saye, kallo kawai. Shekara ta biyu na ga 'yan kodaɗɗu jefi-jefi a cikin tulin. Ta uku tagwaye suka yi yawa, masu kai biyu a ɓawo ɗaya, da masu kaurin wuya waɗanda ruwa ke shiga ta nan su ruɓe. Ta huɗu na ji wani bafatake yana cewa ta Giwa Tazo ba ta kai Kudu, a hanya take zubewa. Na ji daɗi. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har na sayi tsire a tasha. Ina ganin Baba ne ke lalacewa a gaban idona, ban tsaya na tambayi kaina albasar wa nake kallo ba.

A shekara ta biyar ya zo. Bayan azahar ne, ina zaure ina duba littattafan yara, sai na ji sallama. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Wannan karon a zaure ya tsaya. Na shimfiɗa masa tabarma, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Inna, na tambayi mutanen gida. Sannan ya kwance wata 'yar jaka ya zazzage albasa kamar ashirin a gabana. Wata fara-fara, wata ruwan hoda, wata ta rabe biyu.

Ya ce, “Ta ɓaci, ɗana. Na sake taki, na sake ƙasa, na kai ma malamai. Ta ƙiya.” Ya murza ɓawon ɗaya. “Nic ce ko kun rage wani abu na irin marigayi. Ko cikin cokali na.”

Shekara biyar ina shirya masa magana, a aji, a mota, a kan sallaya ma, Allah ya yafe mini. Duk ta gudu.

Na ce, “Baba, abin da nig gada duka shi na wanda kab ba ni cikin gora. Kai ka san abin da yat tsiro.”

Ya ɗaga kai ya dube ni.

“Ashe kun sani.”

“Tun daminar.”

“Kuma kana gaishe ni kasuwa?”

“Aminin ubana na kai.”

Na jira ya ce in yafe masa. Da ya faɗa ban san me zan yi ba, amma na so in ji. Bai faɗa ba. Abin da ya tambaya shi ne me ya lalata ta, tunda ni na yi boko. Na gaya masa, fure da ƙudan zuma da maƙwabciya, da dalilin da ya sa ake kai ta tudunsa. Ya saurara baki buɗe.

Ya ce, “Shekara ashirin ina ja mata guga. Bai taɓa hwaɗa mani ba. Ni ce nika ƙasata ta ag gyara ta, gidanku na cin suna.”

Ko mahaifina ya kyauta masa ko bai kyauta ba, ba ni ne na hura wuta a ƙarƙashin kasko ba. Inna ta aiko da fura daga cikin gida, don baƙo baƙo ne, amma ba ta fito ba. Ya sha kaɗan, ya miƙe da ƙyar. Na raka shi tasha, na riƙe masa sanda har ya hau. Albasar ya bar ta a kan tabarma.

Da na dawo na ɗauko wuƙa na zauna. Na ce ko ɗaya ce ta tsira a cikinsu, ko biyu, sai in nemi tudu in fara, rantsuwa ta sha ruwa. Na duba wuyan kowace, na danna gindinta, na raba ta biyu in ga launin ciki. Na yanka su duka, har tagwayen da na san ba su da amfani.

Inna ta fito ta tarar da ni a tsakiyarsu. Ta tsuguna, ita da ta shekara talatin tana yanka albasar mijinta, ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya tana juyawa a haske. Ta kai ta ƙarshe ta ajiye.

“Babu Malam ciki,” ta ce.

Ta tattara su a zaninta ta shige madafa.